Da'ira Ba Ta Shiga Kusurwa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jiya Injiniya, mijin 'yarmu, ya shigo da wani ƙaton kwali yana haki. Injin shara ne a ciki, zagayayye, faɗinsa bai fi babban faranti ba. Wai yana share ƙasa, yana kuma goge tayil da ruwa shi kaɗai, in ya gaji ya koma lungunsa ya sha caji. Maman yara ya kawo wa, saboda tun faɗuwar da ta yi a bakin banɗaki likita ya hana ta sunkuyo.

Da aka danna shi sai ya fito yana kaɗa ɗan gashin bakinsa, ya nufi ƙafar kujera ya yi karo da ita, ya ja baya ya sake hanya. Sai ta yi dariya. Har da riƙe ƙugu.

Yau kwana goma sha tara rabon da ta yi mini magana. Tara a asibiti, goma a gida. Na yi shekara talatin ina koyar da lissafi kafin in yi ritaya, don haka ba na kuskuren ƙirga. A cikin kwanakin nan na yi barkwanci ya fi a ƙirga, ko haƙorinta ban gani ba. Shi kuwa daga buga kai da kujera ya samu.

Da ya gama falo ta ce masa, "Sannu da aiki."

Mene ne nawa a ciki?

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ta sa masa suna Sarkin Aiki. Ni Kunkuru nake ce masa, a zuci.

Alhamis, 6 ga wata, bayan karin kumallo

An samu ci gaba, in ana kiran wannan ci gaba. Da safe ina zaune da jarida, Kunkuru na kai da kawo a ƙarƙashin tebur, sai na ji ta ce, "Sarkin Aiki, shayin wasu na nan a kicin yana hucewa, in sun ga dama."

Wasu. Shekara talatin da huɗu da aure, na tashi daga Malam na koma wasu.

Na ce, "Na gode, yanzu zan ɗauka." Da ita nake, na kuma dube ta sosai don kada a yi shakka. Sai ta dubi injin ta ce, "Ka bar can, ka riga ka goge."

Duk wannan a kan maganar asibiti ne. An tambaye ni abu, na ba da amsa. Fom ne a hannun nas, gurbin rubutun ɗan ƙarami, ita kuma tana kwance a gadon turawa idonta a rufe. Wa ya san tana ji? Ban zagi kowa ba. Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kama shi.

Da'ira ba ta shiga kusurwa. Wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Duk inda bango biyu suka haɗu, Kunkuru sai ya zo ya sunsuna, ya kaɗa gashin baki, ya juya ya bar wani ɗan yanki da ƙurarsa. Na zaga gidan da biro: kusurwa arba'in da shida, in aka haɗa da na jikin kabad da bayan firji. Arba'in da shida, kullum, bai taɓa ko ɗaya ba, amma ana ce masa sarki.

Na samo ambulan da wani tsohon buroshin haƙori. Ina bi ina tattara ƙurar kusurwoyin ina zubawa a ciki. Ba taimakonsa nake ba, shaida nake tarawa. Ranar da Injiniya ya sake zuwa yana baza baki, a gaban kowa zan zazzage ta a kan tebur.

Gwiwata ta dama tana ƙara in na durƙusa. Ban san tana yi ba.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Sun zo. 'Yar Baba da mijinta. Ni na sa mata wannan suna tun tana goye, amma yanzu sunan ne kawai ya rage mini, yarinyar ta koma ɓangaren uwarta.

Injiniya ya zauna kusa da Maman yara yana nuna mata waya. Ashe abin nan ya zana taswirar gidana. Falo, kicin, ɗakin barci, har ɗan ɗakin da nake ajiye littattafai, duk ga su a allon waya da launi-launi. Gidan da na yi shekara shida ina tsaye a kan magina, shi ya haddace shi a kwana ɗaya. Ta riƙa cewa, "Ikon Allah! Allah ya yi maka albarka, kai kam ka san ciwon mutane."

Na taɓa ambulan a aljihu, na ga lokacin bai yi ba.

Sai 'Yar Baba ta ce, "Mama, mun yi magana da maigidana. Ranar ashirin da tara za mu zo mu ɗauke ki, ki zauna wajenmu ki huta. Asibitin gashin bayan ma ya fi kusa da mu."

Na ce, "Har zuwa yaushe?"

Ta ce, "Sai yadda ta gani, Baba."

Na jira uwar ta ce a'a. Matar da ko kwana biyu ba ta iya yi a wani gida ba tare da ta fara zancen tukwanenta ba. Sai ta leƙa lungun da injin ke caji ta ce, "Ka ji, Sarkin Aiki? Za mu je mu huta."

Za mu. Har da shi za a tafi. Ba wanda ya tambaya ni kuma fa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe tara da rabi

Yau ya zo ya daki ɗan yatsana, na ɗaga masa ƙafa biyu sama kamar baƙo a gidan mutane.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Tana goge masa baya da ɗan tsumma mai laushi. An ɗora mata shi a kan tebur don kada ta sunkuya, ni na ɗora ma, da ta ce, "Sarkin Aiki, ina ma akwai mai ɗago ka." Ta goge idonsa, ta hura masa iska, ta ce ya rame.

Ni na rame. Wandona ya fara zamewa, na ƙara huda a bel. Roba da waya ba sa ramewa.

Kishi nake yi. To, na rubuta. Littafina ne, ba mai gani. Ina kishin abin da ake sokawa a bango.

Laraba, 12 ga wata, da azahar

Safar ƙafa takan faɗi. Kowa ya san safa takan faɗi daga kan kujera. Ba sai an jefar da ita ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya haɗiye ta har rabi, ya tsaya a tsakiyar koridon yana wani kuka da yaren waɗanda suka ƙera shi, jar wuta na ƙiftawa a kansa. Ina ɗakin littattafai, ƙofa a buɗe kaɗan. Niyyata in bar shi ya yi minti biyu ko uku a haka, ta ga sarkin nata, sannan in fito in cece shi.

Ban zaci za ta rigaye ni ba. Ban zaci za ta sunkuya ba.

Ƙarar da ta yi har yanzu tana kunnena. Na fito a guje na miƙa mata hannu, ta kama bakin ƙofa ta bar hannuna a iska. Da bango ta lallaɓa har gado. Safar tana hannunta, shuɗiya, tawa. Ta ajiye ta a kan matashina, ba ta ce uffan ba, ko ga injin.

Likita ya ce a waya ta kwanta kwana uku, kada ta motsa sai dole.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Ban ci komai ba. Ita ta sha shayi rabin kofi. Ni na dafa, ya yi ruwa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Duniya juyi-juyi. Yanzu ni ne bawan Kunkuru.

Daga kan gado take ba da umarni, da ƙarfi don in ji. "Sarkin Aiki, ka ce a cika maka tanki." Na cika. "Ka ce a wanke maka tsumma da ruwan ɗumi, ba na sanyi ba." Na wanke. "Ka ce a zubar maka da ƙura a bola, ba a kwandon kicin ba." Na fita da ita har waje.

Sarkin banza. Ba a gaya wa mutane wannan a jikin kwali. Ruwan da ke fita daga tsummansa baƙi ƙirin, sai ka matse sau huɗu kafin ya yi haske. In ka manta ka bar shi a jiƙe, gidan duka ya ɗauki wari. Wato shi yana yawo a gaban jama'a yana karɓar sannu, wani na can bayan gida yana wanke masa ƙazanta.

Na juya shi na cire buroshin cikinsa, gashi ya nannaɗe shi tam. Da almakashi na bi ina yankewa. Gashinta ne. Yawancinsa fari. Yaushe ya yi fari haka? Kullum da ɗankwali nake ganinta, ko kuma dai ban duba ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma

Ta tashi, tana takawa da sanda. Ta zauna a falo tana kallonsa yana goge gaban talabijin, layi bayan layi. Ina gefe da jarida, ban karanta ko kalma ɗaya ba.

Ta ce, "Sannu, Sarkin Aiki. Yi a hankali, kada ka kashe kanka. Ranar da ka faɗi, in aka tambayi wasu sana'arka, cewa za su yi ba ka komai."

Na ninke jarida na shiga ɗaki.

Nas ɗin sana'a ta tambaya. Sana'a. Abin da ake rubutawa a fom, malami, tela, direba. Da me ake so in cike gurbin? Har da 'yar dariya na yi, in ji 'Yar Baba. Ban tuna na yi dariya ba. Wataƙila na yi.

Talata, 18 ga wata, da yamma

'Yar Baba ta biyo daga wajen aiki ta kawo magani. Na ja ta ɗakin littattafai na zazzage ambulan a kan farar takarda. Ƙurar kwana goma sha ɗaya, ta kai cikin cokali uku, har da ƙwayar shinkafa da kan allura.

Na ce, "Kin gani? Wannan duk sarkin naku ne ya bari."

Ta dubi ƙurar, ta dube ni. Ta ce, "Baba, da ba a kawo shi ba, ka taɓa ganin ƙura a lungunan nan?"

Na ce ban taɓa ba.

Ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta ce, to. Yarinyar da na koya wa ƙirga da murafen kwalba. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Ba sai ka yi dogon bayani ba fa, Baba. Ka san abin da take jira."

Na ce ni ban yi laifin da zan durƙusa wa kowa ba. Ta kalli gwiwar wandona, duk biyun sun yi fari da ƙura, ta tafi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau Injiniya ya kai ta gashi tun ƙarfe takwas. Suna fita na zare wayar cajin Kunkuru, na kife shi a kan kujera ƙafafu sama. Na ce yau za a san waye mai gidan nan.

Na ɗauko tsintsiya, na ɗauko bokiti da sandar goge-goge daga bayan ƙofar kicin. Hannun sandar ya yi santsi a wuri biyu, daidai inda take riƙewa, fentin ya goge har itace ya fito. Hannuna bai dace da wurin ba, ni na fi ta tsawo.

Na fara daga falo, wanda ashe kuskure ne, don sai da na taka inda na goge kafin in kai kicin. Na sake. Na ja kujeru, na ja firji, na bi kusurwa arba'in da shida da tsumma a yatsa. Na canja ruwa sau biyar. Awa biyu da minti ashirin. Da na gama na kasa miƙewa tsaye, sai da na dafa tebur, rigata kamar an tsamo ta daga bokitin.

Na mai da Kunkuru wurinsa, na yi wanka, na zauna da jarida.

Ta shigo tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi ƙasa, ta dubi lungun bayan kujera, ta daɗe tana duba shi. Ina zaune kamar ɗalibin da ake duba takardarsa.

Ta ce, "Kai, Sarkin Aiki! Yau har lungu ka shiga? Sannu da ƙoƙari. Sai dai ka cika ruwa."

Ta sani. Wallahi ta sani. Bokitin na nan a jiƙe a bayan ƙofa, tana gani. Na karya bayana awa biyu da minti ashirin, an ɗauki sannun an ba wanda ya wuni a kife. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙasan ya sake yin ƙura. Jiya-jiya fa.

Juma'a, da la'asar

Ni sau ɗaya aka hana ni sannu. Ita shekara nawa?

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Ta ce wa injin a sauko mata da akwati daga saman kabad. Ba ƙaramin ba, babban. Na sauko da shi.

Ina tsaye tana jera kaya. Na ga ta sa rigunan sanyi, alhali sanyi da sauran wata uku. Ta sa hoton mahaifiyarta da ke kan madubi. Wanda zai yi sati biyu ba ya ɗaukar hoton uwarsa.

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Zip ɗin gefen nan ya lalace." Ta juya akwatin ta yi amfani da ɗayan.

Laraba, 26 ga wata, da rana

Na rubuta abin da zan faɗa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Na gyara sau shida. Duk wanda na karanta sai in ji ya koma bayani a kan fom da ƙanƙantar gurbi. Na yi shekara talatin ina magana a gaban yara sittin-sittin, yau jimla ɗaya ta gagare ni.

Shi ba ya magana sai in ya maƙale, amma shi ake so.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An fito da kwalinsa daga sito. Yana jingine kusa da akwatinta a bakin ƙofa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Ƙarfe tara ta fito a shirye, jaka a kafaɗa. Ta danna shi ta ce ya yi sharar ban kwana kafin a sa shi a kwali. Ta zauna a kujerarta. Ina tsaye a tsakiyar falo ban san inda zan sa hannuwana ba, shi kuma yana zagaye ni.

Ban iya kallonta ba. Sai na durƙusa, gwiwar ta yi ƙararta, na dafa bayan Kunkuru da tafin hannu. Ya yi ta ƙoƙarin wucewa, ƙafafunsa na juyawa a banza.

Na ce, "Sarkin Aiki." Karo na farko da sunan ya fita daga bakina. "Ka gaya wa uwar ɗakinka, wani ya yi magana a asibiti. Ka ce mata mutumin nan jahili ne, duk da takardunsa. Ka ce mata..."

Sai ƙarar ta ɗauke. Ta miƙo sanda ta danna maɓallin kansa.

Ta ce, "Malam."

Kwana arba'in da biyar.

Ta ce, "Wannan ba shi da kunne. Roba ce. Ni ce mai kunne, juyo nan ka faɗa."

Na juya a kan gwiwoyina na faɗa. Ba abin da na rubuta a takarda ba, wani ne daban, gajere, kuma bai fito a tsare ba. Ba zan sa shi a nan ba, nata ne. Na haɗa da maganar safa. Ta ce wannan tun ranar ta sani.

Ba ta ce ta yafe ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na ji." Ta ƙara da cewa, "Tashi, kafin kai ma a kai ka gashi." Na kasa tashi, sai da ta miƙo mini kan sandarta na kama.

Ana haka mota ta yi hon. Na zaci za ta ce a mai da akwati ɗaki. Ba ta ce ba. Injiniya ya shigo da fara'arsa ya kinkimi akwatin ya kai but ɗin mota, 'Yar Baba ta riƙe mata jaka. Ya dawo ya buɗe kwali, ya sunkuya zai ɗauki injin.

Ta ce, "A'a, bar shi nan."

Ya ce, "Mama, ai kin ce da shi za ki."

Ta ce, "Na fasa. Zan dawo in tarar da shi."

Na raka su har bakin titi. Da motar ta tashi ta sauke gilashi ta ce, da ni take, idonta a cikin nawa, "Ruwan ɗumi, Malam. Ba na sanyi ba."

Yanzu gidan shiru. Yana lungunsa yana shan caji, koriyar wuta na ƙiftawa a kansa, ko a jikinsa. Shi za ta dawo ta tarar, haka ta faɗa a gaban kowa, ba ta ambaci wani ba.

Ba komai. Ni ma ai a gidan nake.